Tambaya da Amsa: Kalmar "Dearth", Tsakanin Ƙaranci da Tsada

TAMBAYA: Assalamu alaikum, Malam. Ni malamar Turanci ce a wata makarantar sakandare da ke Unguwar Rogo a Jos. A cikin wani nassi da na ba ɗalibaina na ajin ƙarshe su karanta an rubuta "a dearth of qualified teachers", sai da yawansu suka ɗauka cewa malamai ne suka mutu. Na gyara musu, na ce ƙaranci ake nufi, amma wata ɗaliba ta tambaye ni abin da ya sa kalmar ta yi kama da "dear" da muke buɗe wasiƙa da ita, ban kuwa sami amsar da ta gamsar da ni ba. Shin akwai dangantaka a tsakaninsu, kuma yaya ake furta ta daidai?

AMSA: Wa alaikumus salam, Malama. Allah ya saka da alheri bisa ɗawainiyar da kike yi da yaranmu. Ɗalibar nan taki ta hango abin da mutane da yawa suke wucewa ba su lura da shi ba, domin kuwa "dearth" daga "dear" ta fito kai tsaye, kuma duk wanda ya fahimci wannan dangantaka da wuya ya sake haɗa ta da mutuwa.

Turanci yana da wata tsohuwar hanya ta samar da suna daga siffa, wato a liƙa haruffan "th" a ƙarshen kalma. Ta haka aka sami "warmth", ɗumi, daga "warm". Aka sami "depth", zurfi, daga "deep". Aka sami "length" daga "long", da "strength" daga "strong", da "truth" daga "true". Hausa ma tana yin irin wannan ƙira, inda daga mugu ake samun mugunta, daga gajere kuma ake samun gajarta. To, "dearth" ita ce sunan da aka ƙera daga "dear", kuma an fara ganin ta a rubuce-rubucen Ingila tun ƙarni na 13, lokacin ana rubuta ta "derthe".

Abin da zai ba ɗalibar mamaki shi ne ma'anar "dear" ɗin kanta. A tsohon Turanci, kalmar ba ta tsaya ga wanda ake ƙauna kaɗai ba, tana nufin duk abin da yake da daraja, har da abin da kuɗinsa ya yi yawa. Har gobe mutumin Ingila yakan taya kaya ya ce "it is too dear", yana nufin ya yi tsada, ko da yake Amurkawa ba su cika faɗin haka ba. Wannan haɗuwar ƙauna da tsada a kalma guda ba a Turanci kaɗai take ba. Larabawa suna kiran masoyi "ghali", suna kuma kiran kaya mai tsada da wannan kalma, hauhawar farashi kuwa "ghala'" suke ce mata. A Latin, "carus" tana ɗauke da ma'anonin biyu, kuma "caritas", wadda ta haifi "charity" ta Turanci, tana nufin ƙauna, tana kuma nufin tsadar hatsi a bakin Romawa. Jamusawa, waɗanda harshensu ɗan'uwan Turanci ne, suna cewa "teuer" ga abu mai tsada. Ashe ke nan ma'anar "dearth" ta farko ita ce tsada, musamman tsadar abinci a shekarar da amfanin gona bai yi kyau ba.

Yadda ma'anar ta gusa daga tsada ta koma ƙaranci kuwa, ba sai kin yi nisa ba wajen nuna wa ɗalibai, kasuwar Farin Gada ta ishe ki misali. Da rani, lokacin da tumatirin lambu yake shigowa mota bayan mota, kwanduna sukan cika fili har wasu su yi kwantai, dillali yana kiran mai saye yana rage masa. Da zarar damina ta kankama, motocin sun ragu, sai ka ga matar da ta saba sayen kashi uku ta tsaya tana juya kashi ɗaya a hannu, tana tambayar mai kaya ko ya yi kuskuren faɗin kuɗin. Ita ba ta je gona ba, ba ta kuma ƙirga motocin da suka shigo ba. Abin da ya sanar da ita cewa tumatir ya yi ƙaranci shi ne farashinsa da ya yi tashin gwauron zabo. Haka talakan Ingila na wancan zamani ya san shekarar wahala, ta kuɗin burodi da na hatsi. Da yake tsada da ƙaranci tare suke zuwa masa, sai kalmar da take nufin ɗaya ta ɗauki ma'anar ɗayan, a ƙarshe ma'anar ƙaranci ta rinjaya, ta tsada kuma ta ɓace daga bakin mutane.

Ba wasa ba ne abin da kalmar take ɗauke da shi a tarihin mutanen da suka ƙirƙire ta. Daga 1315 zuwa 1317 ruwan sama mai yawa ya lalata amfanin gona a arewacin Turai, aka yi yunwar da ta hallaka ɗimbin jama'a. A zamanin Sarauniya Elizabeth ta Farko, gwamnatin Ingila ta fitar da umarni a 1587 wanda masana tarihi suke kira "dearth orders", inda aka ɗora wa mahukuntan gundumomi alhakin binciken rumbuna da tilasta wa masu hatsi su fito da shi kasuwa, a sayar wa talaka kafin 'yan sari su kwashe. An sake fitar da irin wannan umarni a shekarun 1590, lokacin da girbi ya lalace shekara huɗu a jere, daga 1594 zuwa 1597. Mai karatu na ƙasar nan zai gane manufar nan take, domin ɓoye hatsi a jira ya yi tsada cuta ce da muka sani, kuma addini ya yi hani da ita. Haka nan a fassarar Littafi Mai Tsarki ta zamanin Sarki James, wadda ta fito a 1611, da kalmar "dearth" aka kira shekaru bakwai na wahala da suka auka wa Masar da kewayenta a zamanin Annabi Yusuf, shekarun da Alƙur'ani ya siffanta da masu tsanani. Idan kika kawo wannan ƙissa a aji, Musulmi da Kirista cikin ɗalibanki duk za su gane nauyin kalmar.

Daga baya ne aka faɗaɗa ta zuwa abubuwan da ba a ci, har ya zama yau an fi jin ta a kan ƙarancin malamai, ko likitoci, ko hujja, ko bayanai, ko sababbin dabaru. Amma inuwar asalinta ba ta rabu da ita ba, kuma wannan ne abin da nake so ɗalibai su riƙe: ana amfani da "dearth" ne ga abin da ake so, ake kuma jin zafin rashinsa. Shi ya sa marubucin nassin nan ya zaɓe ta ga ƙwararrun malamai, kuma shi ya sa ba za a ji daɗinta ba idan aka ce an sami "dearth" na sauro ko na ɓarayi.

Game da furuci, "dearth" tana tafiya da sautin "earth" da "birth" da "worth", wato wasalinta dogo ne, ana jan sa daga tsakiyar baki. "Death" kuwa wasalinta gajere ne, irin na "bed". Abin da yake jawo rikici shi ne Turancin Ingila da muka gada ba ya furta harafin "r" a irin wannan wuri, don haka idan mai magana bai ja wasalin ba, kalmomin biyu sai su zama ɗaya a kunne. Sautin ƙarshe kuma, wanda mu Hausawa mukan mayar da shi "s", shi ne na harafin Larabci mai ɗigo uku da ke farkon kalmar "thalatha", inda ake sa kan harshe tsakanin haƙora. Ɗaliban da suka yi tajwidi a Islamiyya sun riga sun iya shi, tunatarwa kawai suke buƙata. Kada kuma su damu da ganin cewa furucin "dear" ya sauya a cikin "dearth", domin haka ya faru tsakanin "heal" da "health".

TAMBAYA: Malam, barka da aiki. Ni ɗalibi ne daga Gangare a Jos, ina shirin rubuta jarrabawar shiga jami'a. A tambayoyin baya ina cin karo da "dearth" da "scarcity" da "shortage" da "paucity" da "famine", kuma ƙamus ɗina yana fassara kowace da 'yar'uwarta. Mene ne bambancinsu? Sannan wani abokina ya dage cewa "dearth" yawa take nufi.

AMSA: Ɗana, Allah ya ba da sa'a. Bari in fara da abokinka: bai yi daidai ba, amma ba shi kaɗai yake wannan kuskure ba, har cikin waɗanda Turanci ne harshensu na gado akwai masu yin sa. Ina kyautata zaton abin da yake rikita mutane shi ne jimlar "no dearth of", wadda take nufin abu ya wadata, sai mai karatu ya riƙe ma'anar wadatar ya manta da "no" ɗin da ta kawo ta. Idan aka tambaye ka kishiyar "dearth" a jarrabawa, ka nemi "abundance" ko "plenty" ko "glut".

"Shortage" ita ce ƙaramarsu a shekaru, domin a Amurka ta bayyana a rabin ƙarshe na ƙarni na 19, daga "short". Ita kalmar lissafi ce: akwai adadin da ake buƙata, abin da ke hannu bai kai ba, kuma sau da yawa ana iya faɗin yawan giɓin. Idan makaranta tana da ɗalibai 60 a aji amma kujeru 40 ne, wannan "shortage" ne na kujeru 20. Ita ce kuma aka fi amfani da ita a maganar yau da kullum.

"Scarcity" ta shigo Turanci ne daga tsohon Faransanci, kuma tana nuna cewa abu ya yi wuyar samu, sai an nema an sha wahala. Wannan ce jaridun ƙasar nan suka fi so, kuma kai shaida ne. Bayan Babban Bankin Najeriya ya sanar da sauya fasalin takardun naira 200 da 500 da 1,000 a watan Oktoba na 2022, farkon 2023 ya zo da dogayen layuka a bakin bankuna da na'urorin cirar kuɗi, mutum yana da kuɗi a asusu amma ba shi da na cefane a aljihu, har sai da Kotun Ƙoli ta yanke hukunci a ranar 3 ga Maris cewa tsofaffin takardun su ci gaba da aiki. "Naira scarcity" aka kira wannan, kamar yadda ake kiran layin mai "fuel scarcity". Kalmar tana da wata ma'ana ta musamman a darasin tattalin arziki, wadda ita ce babin farko da ake koya muku a sakandare: buƙatun ɗan'adam ba su da iyaka, abin biyansu kuwa ƙayyadadde ne, don haka dole a yi zaɓi. Ma'anar wannan fanni da masanin tattalin arziki Lionel Robbins ya bayar a 1932, wadda ɗalibai suke haddacewa, a kan wannan tushe aka gina ta. A wannan ma'ana, ko a shekarar da aka yi yalwa akwai "scarcity", alhali ba za a ce akwai "dearth" ba.

"Paucity" daga Latin take, daga "paucus", wato kaɗan. Kalmar rubutu ce ta jami'a da ofis, kuma a ƙasar nan ka fi jin ta a bakin jami'an gwamnati idan suna bayanin dalilin tsayawar aiki, su ce "paucity of funds". "Famine" kuwa ta fi dukansu nauyi, domin daga kalmar Latin ta yunwa ta fito, kuma tana nufin yunwar da take kashe mutane, irin wadda ƙasar Hausa ta gani a 1913 zuwa 1914, da wadda ta biyo bayan farin farkon shekarun 1970 a yankin Sahel. Hukumomin agaji na duniya ba sa ayyana ta sai an kai wani mizani: aƙalla gida 1 cikin 5 yana cikin matsanancin rashin abinci, kashi 30 cikin 100 na ƙananan yara suna fama da tamowa mai tsanani, kuma mutum 2 cikin kowane 10,000 suna mutuwa kullum. Saboda haka ka kiyaye, kada ka kira tsadar shinkafa "famine" a rubutunka.

Ta fuskar nahawu, "dearth" tana da ƙa'ida mai sauƙi. Kusan kullum a siffar "a dearth of" take zuwa, sannan suna ya biyo baya, kuma aikatau da yake tafiya da ita na tilo ne, wato "there is a dearth of doctors". Ba ta da siffa, ba ta da aikatau, don haka ba a cewa "water is dearth", sai dai "water is scarce". Ba a kuma jingina ta bayan wani suna yadda ake yi da wasu daga cikin sauran, shi ya sa ake cewa "water shortage" amma ba a cewa "water dearth". Kalma ce ta rubutu mai nauyi, ta dace da muƙala da sharhin jarida, ba ta dace da hirar bakin titi ba, kuma sau ɗaya a muƙala ya wadatar.

TAMBAYA: Ranka ya daɗe, ina aikin fassara labarai a wani gidan rediyo a Jos. Duk waɗannan kalmomi "ƙaranci" nake fassara su, har na fara jin kamar ina tauye wa masu sauraro wani abu. Ko akwai mafita?

AMSA: Malam, damuwarka tana kan hanya, kuma na ji daɗin ganin mai fassara yana tuhumar aikinsa da kansa. "Ƙaranci" ba kuskure ba ce, ita ce ma ta fi dacewa a mafi yawan wurare, amma Hausa ba ta gaza ba a wannan fage. Muna da "ƙamfa", wadda a ganina ta fi kowace kusa da "dearth" ta yau, domin idan aka ce ana ƙamfar likitoci a karkara, mai sauraro yana jin ƙarancin, yana kuma jin matsuwar da ke tare da shi. Muna da "giɓi" ga abin da aka ƙirga bai cika ba, kamar kuɗin kasafi ko kayan sito. Muna da "rashi", wanda ya kamata a yi hattara da shi, domin yana iya nuna babu sam, alhali labarin yana cewa akwai amma bai isa ba. Jama'a kuma da kansu sun riga sun raɗa wa "fuel scarcity" suna, suna cewa wahalar mai, kamar yadda suke cewa wahalar ruwa, kuma ban ga dalilin da zai sa rediyo ya guji abin da masu sauraronsa suke faɗa ba.

Inda nake so ka fi sa ido shi ne rarrabe ƙaranci da tsada, domin ko da yake tarihin "dearth" ya nuna yadda suke tafiya tare, ba kullum suke abu ɗaya ba. Bayan sanarwar cire tallafin man fetur a ranar 29 ga Mayu, 2023, an yi 'yan kwanaki ana layi, daga nan layin ya watse, ga mai a gidajen mai, amma litar da ake saya ƙasa da naira 200 ta haura naira 500. Wanda ya ajiye motarsa a lokacin ba don ya rasa inda zai sayi mai ba ne, kuɗin ne ya fi ƙarfinsa. Masanin tattalin arziki Amartya Sen, wanda ya sami lambar Nobel a 1998, ya nuna cewa a yunwar yankin Bengal na Indiya ta 1943 abin da ya fi hallaka mutane shi ne farashin shinkafa da ya tsere wa abin da talaka yake samu, ba wai abincin ya ƙare ƙaf a ƙasar ba. Idan ka ce wa manomin Mangu ko na Bokkos ana ƙarancin taki, zai fahimci cewa ko da kuɗinsa ba zai samu ba, wataƙila ma ya fasa zuwa kasuwa; idan ka ce taki ya yi tsada, zai san cewa akwai shi, lissafin aljihu ne ya rage masa. Waɗannan labarai biyu ne daban, kuma matakin da zai ɗauka a kan kowane daban ne.

Shawarata ita ce kafin ka zaɓi kalma, ka karanta labarin har ƙarshe ka ga abin da ya faru a zahiri. In kaya ne ba su iso ba, ka ce ƙaranci ko ƙamfa. In sun iso amma sun gagari mai saye, ka ce tsada, ko da marubucin Turancin ya rubuta "scarcity". In kuwa duka biyun ne, kamar yadda yakan faru da hatsi a tsakiyar damina kafin sabon amfani ya shigo, to ka faɗe su duka, ka ce ana fama da ƙaranci da tsadar abinci. Jimlar da Malama ta kawo a tambayar farko kuma, in ta zo gabanka, "ƙamfar ƙwararrun malamai" za ta wadatar.